Rufin ɗakin matuƙi ya ƙi fitowa garau: laifin injin zuƙa ne ko nawa?

Shaho_72:
Assalamu alaikum, 'yan uwa magina ƙananan jirage. Wata huɗu ke nan ina kan wani jirgin yaƙi samfurin Mustang P-51D mai rimot, kashi ɗaya bisa takwas na girman na gaske, faɗin fikafikansa santimita 141. Gangar jiki ta kammalu, fikafikai sun hau, abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne rufin ɗakin matuƙi. Na sassaƙa siffarsa da katakon balsa, na goge da samfefa, na haɗa akwatin katako mai huje-huje a sama, na jona masa injin zuƙar ƙura na sharar ɗaki. Robar rabin milimita ce, ina ɗaure ta a firam mai santimita 40 da 25, in gasa a obin, in kifa a kan sassaƙen, in kunna inji.

Sau shida ina yi. Biyu sun yi fari fat kamar an shafa musu alli. Ɗaya ta naɗe ta baya, ta yi kunnuwa biyu. Sauran ukun sun ɗauki siffa, amma jijiyar katako ta fito raɗau a jikinsu, gefen ƙasa kuma bai kwanta ba. Ni dai zargina injin ne ba shi da ƙarfi. Kafin in shiga neman famfon zuƙa na gaske, wanda ya taɓa yi ya taimaka mini da shawara.

MaiFarfela:
Wa alaikumus salam. Zarginka daidai ne. Injin shara an yi shi ne don ƙura, ba don ƙira ba. Nemi kwamfaresan tsohon firij ka jona ta bakin da yake shaƙar iska. Tunda na koma kansa ban sake waiwayar injin shara ba.

Baba_Balsa:
A'a, MaiFarfela, kada ka tura yaro neman abin da ba shi ne ciwonsa ba. Shaho, zo mu yi lissafi. Ba injin ne ke danna robar ba, iskar da ke samanta ce, shi injin kawai yana kwashe ta ƙasa ne. Nauyin iska a kan kowane murabba'in santimita ya kai kusan kilo ɗaya. Firam ɗinka 40 sau 25, murabba'i 1,000 ke nan, wato da za a kwashe iskar ƙasa ƙaf, kusan tan ɗaya ne zai hau kan robarka. Injin shara mai lafiya yana kwashe kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ka ga kilo 200 ke nan a kan ledar da ba ta wuce rabin milimita ba, kuma ta yi laushi. Idan kilo 200 bai kwantar da ita ba, ko dai ta huce kafin ta sauka, ko iska na shiga ta gefen firam. Na fi shekara talatin ina wannan abu da injin shara, rufin da na fitar ban san adadinsu ba.

Ka liƙa soson roba mai laushi, irin na bakin taga, a zagayen akwatin inda firam ke sauka. Sannan ka kunna injin tun kafin ka buɗe obin. Tsakanin fitowa daga zafi da sauka kan sassaƙe kada ya wuce daƙiƙa biyu ko uku, don roba marar kauri ba ta riƙe zafi.

Tsuntsun_Roba:
Kafin a yi nisa, Malam Shaho, robar nan daga ina ka samo ta, kuma me aka rubuta a jikinta? Wannan farin da ka ce biyu sun yi shi ya tsaya mini a rai.

Shaho_72:
Baba_Balsa, Allah ya ƙara girma, gaskiya sai na ajiye firam sannan nake miƙa hannu in kunna inji. Na ga kuskure na farko. Tsuntsun_Roba, daga murfin kwalayen kaya nake yankowa, irin mai haske da ake ganin abin da ke ciki. Ban lura da rubutu ba.

Tsuntsun_Roba:
Ruwa ba ya tsami banza. Duba kusurwar murfin, za ka ga ɗan alwatika mai lamba a ciki. Idan 1 ce, PET ke nan, dangin robar gorar ruwa. Halinta shi ne idan zafi ya yi mata yawa ko ta daɗe a ciki, ƙwayoyinta sukan jeru su daskare, sai ta yi fari ta yi tauri, kuma ba ta komawa. Tazarar da ke tsakanin laushinta da farinta kaɗan ce, shi ya sa take ba mutane wahala. Wadda ake so a wannan aiki ita ce PETG. Harafin G ɗin nan wani sinadari ne da aka ƙara mata don kada ta yi wannan daskarewar. Tana fara sakin jiki a wajen digiri 80, ana ƙera ta tsakanin 120 da 160. Wani kamfani na sayar da ita da sunan Vivak, amma ko ba suna, in dai PETG ce ta yi.

Idan ka ga lamba 3, PVC ce. Tana ƙeruwa da kyau, sai dai idan ta ƙone hayaƙinta na da sinadarin kulorin, yana cin maƙogwaro da huhu, har ƙarfen da ke kusa yana sa shi tsatsa. Lamba 6 kuma sitayirin ce, mai hasken cikinta tana tsagewa kamar ƙwan fitila. Ko wacce ce dai, a buɗe taga, kuma obin ɗin da ake girki da shi a bar shi da aikinsa.

Balbela:
Ni maganar jijiyar katako zan taɓa, don ta taɓa sa ni kuka. Yaya Shaho, roba mai zafi ba ta da rufin asiri, duk abin da ke jikin sassaƙe sai ta tona, har gashin ido in ya faɗa. Balsa kuwa tana da ramuka, kuma tana da laushi, wannan kilo 200 da Baba ya lissafa yana iya lotsa ta.

Rufina na farko na wani jirgi marar inji ne. Na ce bari in yi wayo, na fesa wa sassaƙen fenti kafa uku, na goge har ina ganin fuskata. Da roba ta sauka sai fentin ya narke ya manne a cikinta. Na ɓata yini guda ina kankara, ƙarshe na jefar da rufi da sassaƙe gaba ɗaya. Yanzu abin da nake yi: in shafe katakon da filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, ko gam mai haɗi biyu, in bari ya bushe sosai, in bi da samfefa lamba 240, sai 400, in tsaya a 600 da ruwa. Ba fenti, ba man ƙyalli. Kuma kada ka goge har ya zama madubi, domin idan ya yi santsi da yawa iska kan maƙale tsakaninsa da roba, ta rasa hanyar fita, sai ka ga tabo-tabo kamar ɗigon ruwa.

MaiFarfela:
Baba, da girmanka, lissafinka na takarda ne. A kan wuri mai faɗi na yarda. Amma a lungu fa? Inda gilashin gaba ya haɗu da rufi, ko layukan firam, ko kan ƙusoshi, kashi ɗaya cikin biyar ba ya shigar da roba can. Ka gwada milimita ɗaya da rabi da injin shara ka gani, kusurwoyi duk sai su fito a dunƙule.

Baba_Balsa:
To ai yanzu ka faɗi gaskiya, ka ce milimita ɗaya da rabi. Shi yaron nan rabi yake ja. Kuma kwamfaresan firij da ka ce, shi kaɗai ba tanki, numfashinsa ƙanƙane ne. Kafin ya kwashe iskar akwati roba ta sandare.

Injiniya_Bawul:
Ku biyun kowa na da rabin gaskiya. Abu biyu ne ake nema: saurin kwashe iska, da zurfin kwashewa. Injin shara yana da sauri ba zurfi, kwamfaresa yana da zurfi ba sauri. Shi ya sa ake haɗa kwamfaresa da tanki: ka bar shi ya yi mintuna yana kwashe iskar tanki, roba na sauka ka buɗe bawul, tankin ya haɗiye iskar akwati a bugu ɗaya. Ni nawa hawa biyu ne. Injin shara ke fara jan robar, akwai bawul mai hanya ɗaya a tiyonsa, sannan in buɗe na tanki ya ƙarasa matse lungunan. Akwatin ma a rage masa ciki, kaurin yatsa biyu ya isa, don duk iskar da ke cikinsa aiki ce a kan inji.

Gargaɗi biyu. Kada a yi tanki da jarkar roba, ni na yi, ina tsaye ta shige cikin kanta kamar an taka gwangwani. Kada kuma a ɗauko tsohuwar tukunyar gas a ce za a huda, ragowar gas ba ta ƙarewa a ciki. Tankin tsohon injin hura taya shi ne daidai.

Amma Shaho, don rufi ɗaya na Mustang, ni ma ba zan ce ka shiga wannan ɗawainiya ba tukuna.

Baba_Balsa:
Madalla. Saura kunnuwan da ya ce ta yi a baya da gefen da ya ƙi kwanciya, duk gyaransu a wajen zaman sassaƙe yake. Shaho, na tabbata a kan huje-hujen ka ɗora shi kai tsaye. Roba ba ta iya yin kusurwa mai kaifi a inda sassaƙe ya haɗu da daɓe, sai ta yi lanƙwasa, lanƙwasar kuma ta ci gefen rufinka. Ka ƙara masa gindi na santimita ɗaya da rabi a ƙasan layin da za ka yanka, sannan ka sa 'yan ƙananan tsabar ƙarfe a ƙarƙashi su ɗaga shi kaɗan, iska ta samu hanya ta ƙasa. Lanƙwasar sai ta faɗa a kan gindin, wurin da dama zubarwa za ka yi.

Kunnuwa kuwa roba ce ta yi yawa a wurin, ta rasa inda za ta, sai ta manne da 'yar uwarta. Wutsiyar rufin Mustang siririya ce, dole hakan ta faru. Ka tsawaita gindin ta baya ya gangara a hankali, ko ka ajiye wani ɗan guntun katako nesa kaɗan da wutsiyar ya janye rarar. Kada kuma ka bari ta yi ciki da yawa a obin. Za ka ga ta fara murɗewa, sannan ta miƙe ta ɗame, sannan ta fara lotsawa a tsakiya. A firam irin naka, in ta sauka kamar yatsa biyu, ɗauko ta.

Ɗan_Gilaida:
Ni duk wannan wahala ta me? Babbar gorar lemo, ka yanke gindinta, ka cusa sassaƙe ciki, ka cike ƙasansa da guntayen katako ya matse, ka bi ta da na'urar hura iska mai zafi. Tana tsukewa da kanta ta kama siffa. Ba akwati, ba inji. Jiragena uku duk da gora suke tashi.

Tsuntsun_Roba:
Dabarar gora tana aiki, domin a masana'anta an ja robar ta miƙe ta kowane ɓangare, zafi na taɓa ta take neman komawa yadda take. Amma PET ɗin nan ce dai da na faɗa a sama, in ka tsaya da zafi wuri ɗaya za ta yi fari. Kuma tsukewa kawai ta iya, ba ta shiga rami.

Shaho_72:
Ɗan_Gilaida, na gwada aunawa. Sassaƙena santimita 28 ne, sashen gorar da ba shi da zane ko lanƙwasa bai kai haka ba. Wataƙila in na zo ƙaramin jirgi.

Tarihin_Sama:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Abin da ke ba ni sha'awa, wannan matsala ta tabon sassaƙe ita ce masu ƙera jiragen gaske suka yi fama da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Robar akirilik, wadda Jamus ta fitar da sunan Plexiglas, Ingila kuma Perspex, a shekarun 1930 ta shigo kasuwa. Matuƙin yaƙi yana buƙatar ganin bayansa ba tare da hoto ya karkace ba, don haka aka riƙa hura ta da iska ta kumbura kamar ƙwai ba tare da ta taɓa komai ba. Mustang na farko-farko, irin su P-51B, rufinsu mai sanduna ne, bayan jirgin kuma a ɗage, matuƙi ba ya ganin wanda ya biyo shi. A Ingila aka riƙa sa musu rufi mai kumburi da ake kira Malcolm, irin na jirgin yaƙi Spitfire. Sai a 1944 samfurin D ya iso fagen yaƙi da rufi mai siffar ɗigon hawaye, aka rage tudun bayan. Wato Shaho, wanda ka zaɓa shi ne wanda rufin ne ma alamarsa, in ya ɓaci kowa zai gani.

MaiFarfela:
Malam Tarihi ya zo da darasi. To mu ma mu hura mana, mu huta da samfefa?

Injiniya_Bawul:
Ana yi, amma hurawa siffa ɗaya take bayarwa, wadda bakin ramin ya ba ta. Gilashin gaban Mustang kuwa yana da fuska shimfiɗaɗɗiya a tsakiya, ba ya huruwa. Wasu sukan raba aikin biyu, su ja rufin baya daban, su yanka na gaba daga roba miƙaƙƙiya. In za ka sa rufin ya riƙa zamewa baya kamar na gaske, dole ma ka raba.

Sabon_Shiga:
Salam, ni sabo ne a nan. Ina da firintar 3D, ba zan iya buga sassaƙen kawai ba maimakon sassaƙa da hannu?

Balbela:
Barka da zuwa, ƙanena. Za ka iya, amma in da robar PLA ka buga, ka sani tana fara laushi tun a wajen digiri 60, robar da za ta sauka a kanta kuwa ta haura 120. Ja ɗaya ko biyu za ta jure, daga nan sai ta fara lotsawa. Ka yi bangonta da kauri, ka cika cikinta da filasta, wato farin garin da ake kwaɓawa da ruwa ya daskare, sannan layukan bugu sai ka cike su ka goge, in ba haka ba kowane layi zai fito a rufin, gara ma jijiyar balsa. Kada kuma ka buga da PETG ka ja PETG a kai, jini ɗaya ne, suna iya mannewa. Wata hanyar ita ce ka ja roba ta farko a kan bugun, ka zuba filasta a cikinta, in ta bushe ka samu sassaƙen da zafi ba ya damunsa. Sai dai ka bar ta ta bushe kwanaki, filasta mai danshi tana fitar da tururi ta ɓata roba.

Sikeli_48:
Mu masu ƙananan na ajiye a kanta, ɗaya bisa 72 da ɗaya bisa 48, muna karatu muna murmushi. Rufinmu bai wuce ɗan yatsa ba. Ni ko inji ba na kunnawa: in huda siffar a filawud, in manna roba mai kwata na milimita a kai, in gasa, in danna sassaƙen da ke kan sanda ta cikin ramin. Sau biyar za ka yi ka zaɓi ɗaya. Wasu abokanmu kuma na'urar masu haƙori suke saya, wadda ake yin robar kare haƙora da ita, tana da hita da inji a haɗe, sai dai faɗinta bai wuce santimita 13 ba. Dalilin da ya sa muke wannan wahala shi ne rufin da ke zuwa a kwalin kayan haɗa jirgi yakan yi kauri, in ka lissafa da sikeli sai ka ga gilashin ya kai kaurin bulo. Kamfanin Falcon na ƙasar Niyuzilan ya yi suna a kan irin waɗannan rufi na zuƙa. Tun farkon shekarun 1960 ma kamfanin Mattel ya fitar da wata 'yar na'urar wasan yara mai suna Vac-U-Form, har yau tsofaffin magina suna farautarta.

Gaggafa:
Ni ban ga wanda ya ambaci robar Lexan ba. Ita ce ba ta fashewa. Rufin jirgin yaƙi F-16 na gaske ma da irinta aka yi. Me zai sa mutum ya tsaya kan PETG?

Tsuntsun_Roba:
Gaskiya ne, Lexan, wato folikabonet, ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da ita ake yin jikin motocin rimot. Amma tana shan danshin iska. In ka gasa ta haka, ruwan cikinta zai tafasa ta cika da ƙananan kumfa kamar ƙuraje. Sai ka fara busar da ita a wajen digiri 120 na wasu sa'o'i, sannan ka ƙera a kusan 180 zuwa sama, kuma tana sandarewa nan take. A nan ne maganar MaiFarfela ta famfo mai ƙarfi take da wurin zama. Wanda bai gama da PETG ba ya je wajenta, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

MaiFarfela:
A rubuta, yau an ce ina da gaskiya.

Shaho_72:
Na dawo da rahoto bayan mako guda. Na samo PETG, na shafe sassaƙen da fila kamar yadda Anti Balbela ta ce, na ƙara gindi, na sa soso a bakin akwati, na kunna inji kafin in buɗe obin. Wallahi ƙarar da ta yi da ta sauka ma daban ce, ɗaf, ta kama ko'ina. Ba fari, ba kunnuwa. Baba, na sara maka.

Amma sababbin matsaloli uku. Gefen ƙasa ya yi shara-shara, in na taɓa yana motsi kamar leda. Akwai wani layi da ya zagaye saman kamar alamar ruwa a bokiti. Sannan ɗige-ɗige kamar guda goma, in ka ɗaga a haske kana gani. Cire sassaƙen ma sai da na yi gumi.

Baba_Balsa:
Alhamdu lillahi, yanzu ka shiga sahun masu matsalar gaske. Siraran gefe lissafi ne shi ma. Ka ɗauki rabin ƙwallo: faɗin fatarsa ninki biyu ne na da'irar da yake zaune a kai. Ashe robar rabin milimita in ta rufe shi, a matsakaici ta koma kwata. Kuma ba ta sirancewa daidai, inda ta fara taɓawa, wato sama, nan take daskarewa da kaurinta, gefe ne ke biyan bashin. Jirgi mai girman naka ka ja 0.75 ko ma milimita ɗaya.

Layin nan kuwa sanyin sassaƙe ne. Roba ta taɓa wuri mai sanyi ta tsaya, sauran ta ci gaba da miƙewa, sai iyakar ta bar alama. Ka ɗumama sassaƙen tukuna, ya yi zafin da hannu zai iya jurewa. Wajen cirewa kuma, roba na tsukewa in tana hucewa, don haka kada ka bari ta yi sanyi ƙalau a kai. Gefen gindin ka ɗan karkata shi ciki ta sama, digiri 3 zuwa 5, ka kuma ɗaura sukuru a ƙasa ya zama maɗauki.

Balbela:
Ɗige-ɗigen ƙura ce. Lokacin da ka ɓare ledar kariya daga jikin PETG, tana ɗaukar wutar da ke jan ƙura kamar maganaɗisu, kai kuma na san a ɗakin da ka yi gugar samfefa kake ja. Ka share ɗakin tun jiya, ka goge sassaƙe da tsumma mai ɗan danshi, ka ɓare ledar a minti na ƙarshe. Tsofaffi wasu sukan lulluɓe sassaƙen da yadi mai laushi a ɗame, ƙurar ta nutse a ciki, iska ma ta samu hanya. Ni na gwada, ƙyallin ya ɗan ragu, ban koma ba.

Gaggafa:
In ka samu mai kyau, don Allah kada ka kusance shi da sufa gulu. Ni na yi rufi kamar ruwa, na ɗiga masa a kusurwa huɗu, da safe na tarar cikin ya yi hazo fari, har zanen yatsana ya fito a jiki. Tururin gam ɗin ne ke bin danshi da maiƙo ya zauna. Farin gam na rufi, irin su Formula 560, shi ne magani, yana bushewa garau kuma ba ya tauri. Ko ƙananan sukurori, ko maganaɗisu in kana son buɗewa don canza batir.

Sikeli_48:
Mu mukan tsoma rufin a ruwan ƙyallin daɓe na akirilik mu bar shi ya bushe a ƙarƙashin kofi. Yana cike ƙananan ƙarce, yana kuma rage wannan hazon. Wajen yanka, Shaho, ka zana layin tun yana kan sassaƙe, ka yanka nesa da layi da almakashi, sauran ka ci shi da samfefa kaɗan-kaɗan kana gwadawa a jirgi. Wanda ya yanka daidai layi a karo ɗaya yakan koma obin.

Sabon_Shiga:
To in mutum na son rufin ya yi duhu-duhu fa, kamar na jiragen zamani?

Tsuntsun_Roba:
Ko ka fesa fenti mai haske ta ciki, kafa marar kauri, ko ka rina. Rinin tufafi na auduga ba ya kama PETG sosai, sai wanda aka yi don yadin foliyesta. Ruwan kada ya kusanci digiri 70, in ba haka ba rufin zai saki siffarsa a cikin tukunya. Gwada da guntayen da ka yanke tukuna.

MaiFarfela:
Shaho, ina jiran ka a murfin inji da rigunan taya na jirgi na gaba. Can za ka ja farar sitayirin ko robar ABS mai kauri, kuma in kana son layuka da ƙusoshi su fito a waje, dole ka yi mazubi mai rami, roba ta shiga ciki, ka huda ƙananan ramuka na rabin milimita a kowane lungu. Ranar za ka neme ni da maganar kwamfaresa.

Baba_Balsa:
Murfin inji ma da injin shara na yi nawa, rabi biyu na ja na haɗa. Abin da zan yarda da shi kawai, sassaƙen da roba ke hawa kansa, girman cikin rufi yake bayarwa, don haka a rage shi da kaurin robar, in ba haka ba rufin zai fi jikin jirgi faɗi.

Shaho_72:
Wannan ta ƙarshe ta same ni, Baba. Jiya na ja na 0.75 sau uku, na biyun ya fito garau, ɗigo biyu ne kawai kuma suna wurin da fentin firam zai rufe. Da na ɗora a jirgi sai na ga ya ɗan fi jiki faɗi ta kowane gefe, farce na kama bakin. Ko dai in rage sassaƙen in sake fila da guga, ko in ƙara siririn balsa a jikin jirgin in cike. Ban yanke shawara ba. Layin firam kuma sun fito a dunƙule kamar yadda MaiFarfela ya faɗa, ina tunanin in yi su da salatif ɗin alminiyam daga waje.

Balbela:
Ƙara balsa a jiki, kada ka taɓa sassaƙen da ya riga ya ba ka mai kyau. Kuma ka ja guda biyu na ajiya tun obin na da zafi, ranar da jirgi ya sauka a kife za ka tuna da ni.

Injiniya_Bawul:
Ni da ni ne sassaƙen zan rage, gyaran jiki zai nuna a ƙarƙashin fenti. Shaho, auna mana da kalifa, wato ma'aunin kauri, tukuna, nawa ne rarar a kowane gefe?